Buhun Albasar da Malam Ya Kai Fatakwal

Tun da muka dawo daga kudu ban huta ba. In na je gidan suna, "Hajiya, yaya Fatakwal?" In na je gaisuwa ma, sai wata ta matso ta raɗa min wai da gaske ne an sauke Farfesa daga mota saboda wari. To ba a sauke shi ba, kuma ba shi ne yake warin ba. Tunda na ga labarin ya fara yin ƙafafu yana yawo shi kaɗai, gara in ba da shi da kaina sau ɗaya, kowa ya karanta, ni ma in samu in sha ruwa.

Sai na fara da mutumin, don in ba ku san shi ba ba za ku gane abin da ya kai mu ba. Mijina, wanda ni nake ce wa Malam, duniya kuma take ce wa Farfesa, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana koyarwa a jami'a nan Zariya kafin ya yi ritaya. Fanninsa tarihin tunanin tattalin arziki. Kada ku ji an ce tattalin arziki ku zaci ya iya tara shi. Aikinsa bin diddigin abin da masana na da suka faɗa a kan dukiya: me ya sa ruwa, da ba a rayuwa sai da shi, yake araha, zinariya da ba a ci take tsada, wa ke samar da arzikin ƙasa, manomi ne ko lebura ko ɗan kasuwa, wa ya fara faɗin kaza, wa ya ƙaryata shi, wa ya ari maganar wani bai ambaci sunansa ba. Larabawansu da Turawansu duk ya san su kamar tare suka tashi. Maƙwabta kuwa sun daina tambayarsa dalilin tashin masara, don in ka tambaye shi sai ya faro daga wani bawan Allah da ya mutu shekara ɗari biyu da suka wuce. Cefane kuma tun ina amarya na karɓe shi daga hannunsa, ranar da na ga tumatirin da ya sayo.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, Malam ɗan mai albasa ne. Mahaifinsu a kasuwar Ose ta Anacha ya yi sana'arsa. Ya rasu Malam yana sakandare, sai wansa, Yaya Inuwa, ya tsaya a wurin ya zama dillalin albasa, da la'adar nan ya riƙe gida har ƙanensa ya samu gurbin karatu a Ingila. Da Malam ya dawo da digirinsa na uku, ga gemu, ga wando fantalo mai faɗin ƙafa, ga kai ya ɗau zafi, sai ya je Anacha gaida Yaya. A rumfa, a gaban abokan sana'ar Yayan, wani ya tambaye shi me ya karanto. Shi ke nan baki ya buɗe. Ya ce arziki daga hannun wanda ya noma da wanda ya yi dako yake fitowa, dillali kuwa bai noma ba, bai ɗauka ba, yana tsaye ne kawai a tsakiya yana cin gumin mutum biyu. Yaya Inuwa ya dube shi ya ce, "To, madalla. Karatu ya yi."

Ba su yi faɗa ba, kada ku ce na ce. Yaya ya zo kowane biki namu, shi ya raɗa wa ɗanmu na fari suna, bayan ya koma Fatakwal ya shiga dillancin shanu ma babu Sallar da ba a aiko mana da rago ba. Amma ko farashin gishiri Malam ya tambaye shi, amsa ɗaya ce: "Ai ku ne masu ilimi, Bala." Shi kaɗai ya rage a duniya da ke kiran Malam da wannan suna. Shekara arba'in ana haka. Magana zarar bunu ce, aka ce.

Shi kuwa Malam ya daɗe da sauya ra'ayi. Har rubutawa ya yi da Turanci, a takardun da masana ke karantawa, cewa abin da ya ɗauka yana matashi kuskure ne. Sai dai Yaya ba ya karanta Turanci, kuma na lura gaya wa duniya ka yi kuskure ya fi gaya wa wanka sauƙi. Bayan ritaya ya kama littafinsa na ƙarshe, a kan yadda 'yan kasuwarmu su kansu suke tunanin kasuwa. Ya ce ya ƙare rayuwarsa a kan tunanin waɗanda suka rubuta, saura waɗanda ba su rubuta ba. Ya zauna da tsofaffi a Kano da Katsina da Jega, babi-babi suna cika, amma babin dillanci ya ƙi rubutuwa. Bara kuma Yaya, wanda ya haura tamanin, ya yi wata jinya da ta tsorata mu. Rannan na ajiye masa shayi na ce, "Malam, ba babin ne ya dame ka ba. Ka kira shi tun kana da wanda za ka kira."

Ya kira. Ina zaune na ji muryar Yaya ta waya. "Ka zo. Amma ba ta jirgi ba. Ka biyo hanyar da kaya ke bi, ka sauka inda na ce. In ka iso Anacha ka sayo min buhun albasa a Ose, na kwana biyu ban ci ta can ba."

Ni dai ba a gayyace ni ba. Amma mutumin da ba ya tuna maganin hawan jininsa sai an miƙa masa, ba zan sake shi a hanyar kwana huɗu shi kaɗai ba.

Bayan asuba muka bar Zariya, tsakiyar damina. Daga nan har Lafiya babu abin ba da labari, sai ciwon gwiwa. A Makurɗi muka haye Binuwai, ruwa ya cika ya batse, na yi salati har muka sauka daga gadar. Gaba kaɗan direba ya tsaya a wata kasuwar bakin hanya, sai na nemi Malam na rasa. Can na hango shi tsugune gaban wata mai doya da littafinsa, yana tambayarta yadda take sa wa kowane kashi kuɗi. Matar ta zaci saye zai yi, ta yi ta rage masa, shi kuma yana ta rubutawa. Direba na ta hon, dole na sayi doya uku don mu rabu da ita lafiya. Ba a buga wa kowa hatimi a hanyar nan, amma ni na san inda iyaka take. Bayan Otukpo 'yan talla suka daina ce min Hajiya suka koma Mama, acaɓa ya koma okada, itatuwan kwakwar manja suka rufe hanya dama da hagu.

Da la'asar sakaliya muka shiga Inugu. Wanda Yaya ya sa ya tarbe mu wani dattijo ne, Mista Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ritaya ta same shi a can ya yi zamansa. Hausarsa tsaf. Ya zuba mu a keke mai ƙafa uku sai Obiagu, unguwa ce matsattsiya, ƙofa na kallon ƙofa, ga masu ɗinki, ga masu gyaran janareto, kowa da rediyonsa. Matarsa, Madam Rifkatu, ta share mana ɗakin 'yarsu. Na shiga na tarar da sabuwar buta da sabuwar darduma, har ta je wurin wani tela Bahaushe ya nuna mata gabas ta sa alli a bango. Abin ya taɓa min zuciya ƙwarai.

A nan na tafka tawa kwaɓar, don kada ku ce ta Malam kaɗai nake faɗa. Mai gidan da suke haya, wani tsoho Inyamuri mai jar hula, ya ji an yi baƙi, ya shigo da goro a faranti da yalo da wani kwaɓin gyaɗa mai yaji. Ya fara miƙo farantin ta wajena. Ni kuwa na kwana ɗaya ban ga goro ba, na ɗauki ɗaya na ce bismillah na ɓare na jefa a baki. Kowa ya zuba min ido. Ashe nunawa kawai ake yi, kowa ya taɓa farantin ya koma wa mai gida, ya ɗaga goron ya yi doguwar addu'a da yarensu, sannan shi ya fasa. Mace kuwa ba ta fasawa sam. Ina tauna, ban san in haɗiye ko in tofar ba. Tsohon ya yi ta dariya har hularsa ta karkace, ya ce da Yohanna ya gaya min tunda daga garinmu ake cinye goron duniya, an yafe min. Ya aika aka kawo wani, aka sake daga farko, ni kuma na ɗaure hannuwana a cinya.

Da safe Madam Rifkatu ta kawo okpa. Ku ɗauka alala ce, amma ta garin gurjiya da manja, a naɗe cikin ganyen ayaba. Biyu na ci, har azahar ban nemi komai ba. Muna ci Malam ya tambayi Yohanna inda ya san Yaya.

"Ni da Baba Inuwa? Sau biyu kawai na taɓa ganinsa ido da ido," in ji shi. "Amma sama da shekara ashirin, duk Kirsimeti shi ke zaɓa wa majami'armu sa. In kira shi in ce ga yawanmu bana, shi ke nan. Bai taɓa turo mana mai ciwo ba. Akwai shekarar da ya ce mu dakata mako guda, shanun da suka iso ba su yi masa ba. Mutanenmu suka yi ta ƙorafi, wasu suka je suka saya da kansu. Kai dai kar ka so ka ji yadda ta ƙare."

Malam ya rubuta wannan a littafinsa, sannan muka kama hanyar tasha.

Anacha kuwa, jama'a, Kano ma ta san da zamanta. Wanda ya sauke mu Alhaji Uba ne, dillalin albasa a Ose, a hannun Yaya ya koyi sana'a. A garin aka haife shi. Yana gaishe mu da Hausa irin ta dattawa, har da tambayar gajiya sau uku, waya ta shigo ya juya Inyamuranci, wani ya wuce ya jefa masa Turancin buroka, duk a numfashi ɗaya. Matarsa ta yi mana sakwara da miyar tarwaɗa fara, babu manja, yajinta ya sa na yi ta share hanci ina ƙarawa. Da gari ya waye Alhaji Uba ya ce, "Baba Farfesa, ka zauna ka sha shayinka. Buhu zai zo ya same ka har nan, no wahala."

Malam ya ajiye kofi. Na san wannan ajiyewar. "Alhaji, na gode. Amma ni a kan buhun albasa na yi wayo. So nake Yaya ya ga ɗan gidanmu bai manta ba."

Alhaji Uba ya dube ni, na dube shi. Na ɗauki mayafina.

Kasuwar tana bakin kogi, jiragen ruwa na sauke doya da kifi, masu baro na ihun a ba su hanya, in ba ki kauce ba a kwashe miki ƙafa. Malam ya fara kai ni inda rumfar mahaifinsu take. Yanzu robobi ake sayarwa a wurin. Ya tsaya jim, ya nuna min da haɓa inda Yaya yake zaune ranar da ya yi masa maganar nan, sannan ya juya muka nufi layin 'yan albasa.

Ga yadda abin yake. Masu kaya daga arewa suna zaune a tabarma kusa da buhunansu, amma ba su ne masu ciniki ba. Malam ya yi wa na farko sallama ya tambayi kuɗin buhu. Mutumin ya amsa da fara'a ya ce, "Ranka ya daɗe, ga dillalina can." Malam ya ce shi da mai kaya yake son magana. Mutumin ya ce, "Ai shi ne bakina a garin nan." Na biyu haka, na uku haka, har da kawo mana benci. Ina ganin gumi na tsatsafo wa Malam, ba na zafi kaɗai ba.

Can ƙarshen layi muka tarar da wani bawan Allah shi kaɗai, Basakkwace, zuwansa na farko ke nan, masu saye na wuce shi kamar ba su gan shi ba. Shi ya yarda. Kuma tsakani da Allah Malam ya yi ciniki. Ya taya, aka ce albarka, ya juya kamar zai tafi, aka kira shi, ya sa aka kwance bakin buhu ya murza albasa biyu a kunne ya ji ƙarar ɓawonsu. Ban taɓa sanin ya iya ba. Ya saya da rahusar da ni kaina ta ba ni tsoro.

Na ja shi gefe. "Malam, araha ba ta ado. Me ya sa kowa ke wuce mutumin nan?"

"Don ba shi da dillali, shi ke nan. Abin a fili yake." Fuskarsa kamar ranar da aka ba shi kujerar farfesa.

Da mai baro ya sauke buhun a ƙofar gida, Alhaji Uba ya kalle shi, ya kalli igiyar ɗaurin, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya rufe. Ya ce Allah ya sa albarka. Daga baya matarsa ta gaya min Yaya ne ya kira ya ce duk abin da ƙanensa ya zaɓa kada wanda ya sa baki.

Yanzu ga maganar wari. Kashegari muka hau ƙaramar bas zuwa Fatakwal, aka tura buhun ƙarƙashin kujerar baya. Kafin Oweri ruwa ya sauko, aka rufe tagogi, ga cunkoso, ga zafin injin. Da farko na zaci takalmin wani ne. Can wata mata mai ƙiba a gabanmu ta toshe hanci ta ce, "Draiba, wetin die for dis moto?" Wato me ya mutu a motar nan. Aka shiga sunsune-sunsune, kowa na kallon na kusa da shi, har hanci ya kai su ƙarƙashin kujerarmu. Matar, ashe 'yar kasuwa ce, ta sa yatsa ta danna tsakiyar buhun, ruwa ya tsatso. Ta ɗago ta ce, "Papa, na who buy dis onion for you?"

Malam ya gyara gilashi ya ce shi ya saya da kansa.

Motar ta ɗauki dariya har da direba. Wani ya tambaye shi aikinsa, ni kuma shaiɗan ya zuga ni na ce malamin tattalin arziki ne a jami'a. Wallahi sai da direban ya gangara gefen titi. A nan aka ɗaure buhun a saman mota, ruwan sama ya ƙarasa abin da ya rage. Matar nan ta saya mana gasasshiyar masara da wani ɗan itace mai laushi da suke haɗawa da ita, wai ta wanke laifinta. Kun ji gaskiyar zance, buhu aka fitar, ba Farfesa ba.

Malam ya yi dariya tare da su, amma da muka doshi gari sai ya ce min a hankali, "Ko mu sayi wani a nan mu kai masa?" Na ce, "Mutumin da yake zaɓa wa Inugu san Kirsimeti daga Fatakwal, shi za ka yi wa haka?" Bai sake tayar da maganar ba.

Ba mu sauka gida ba, kai tsaye muka wuce Trans-Amadi, inda mayanka take, don Yaya ya ce a can za mu same shi. Taɓo har idon sawu, hayaƙin babbakar ganda, kukan shanu, mahauta da jini a riga suna ciniki da matan gari masu manyan bahuna. A rumfar dillalai muka hango shi kan benci da sandarsa. Ya rame, amma idon nan yana nan. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da jikoki. Suka gaisa da Malam gaisuwa mai tsawo, irin wadda ake yi in ba a san ta inda za a fara ba. Sannan ya ce a kawo buhun.

Ya naɗe hannun riga ya zura hannu har gwiwar hannu, ya fito da wata albasa da ta narke kamar dafaffiya. Ya sunsuna.

"Motar da tamfol ɗinta ya yage a Lakwaja ce," in ji shi. "Ose kaf an sani tun kafin ta shigo gari. Shi mai kayan bai cuce ka ba, Bala, bai san inda ruwan ya kai ba. Da ya sauka hannun dillali, da an zazzage masa an shanya an tsince, ya tsira da rabi. Wa ya tsaya maka?"

"Ba kowa, Yaya."

"Na sani. Tun jiya labari ya riga ka isowa."

'Yan rumfa suka yi ta dariya, amma Malam bai yi ba. Sai na ga mijina, mai shekara saba'in da ɗoriya, mai gwiwar da ba ta lanƙwasuwa sai da addu'a, ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna a cikin taɓon nan.

"Yaya, na yi wata magana a Ose."

"Wace magana? Ka yi maganganu da yawa, kai malami ne."

"Na ce dillali cin gumin mutane yake. Ban san abin da nake faɗa ba. Ka yafe min."

Yaya ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. Na san in ya ce ai ku ne masu ilimi, to mun zo a banza, kuma ba na jin akwai wata shekarar da za a sake gwadawa.

"A gaban mutane ka faɗe ta," in ji shi.

"To su wa suka rage, in je in same su?"

"Duk sun riga mu. Saura Tanko." Ya nuna wani tsoho da ke gyangyaɗi a ƙarshen benci, abokinsa da suka baro Anacha tare. "Ga shi can. Sai dai fa kunne ya tafi."

Malam ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya je ya sunkuya a kunnen tsohon. "Alhaji! Maganar da na yi a Ose kuskure ce!"

Alhaji Tanko ya buɗe ido. "Iye?"

"Na ce dillali cin gumin mutane yake!"

"Wa ya ce?"

"Ni na ce! Ba gaskiya ba ne! Da la'adar Yayana na yi karatu! Da ita na ci, da ita na sa sutura!"

Mutumin da ko a aji sai ɗalibai sun matso gaba suke jin muryarsa, yau ga shi mahauta sun tsaya da wuƙaƙe a hannu suna kallonsa, matan gari sun sauke bahunansu. Alhaji Tanko ya ƙura masa ido, can ya washe baki.

"Au! Kai ne yaron nan mai gemu da fantalo? Haba, ai tun ranar muka san ƙuruciya ce. Inuwa ne kawai ya riƙe abin."

Rumfa ta sake ɓarkewa. Yaya ma yana dariya, amma na ga ya kai hannun riga ido, ya daɗe bai sauke ba. Ni kam ban ɓoye ba, kuka na yi sosai, na daɗi, har wata mai sayen nama da ba ta san me ake ciki ba ta rungume ni tana cewa sori Mama. Da Yaya ya natsu ya ce, "Zo ka zauna, Bala, ka ɓata rigarka. Ina littafin naka?"

Kwana biyar muka yi. Kullum bayan karin kumallo su biyun su tafi rumfa, ni in bi su da magani da ruwa. Mutumin da ya yi shekara arba'in bai ce uffan ba a kan kasuwa, sai ga shi ba ya tsayawa. Na ji yana cewa mai shanu baƙo ne, mahauci ɗan gari, babu wanda ya san wani, shi kuwa ya san su duka biyun, abin da yake sayarwa ke nan. In saniyar sata ce shi za a kama, in ta faɗi kafin yanka shi za a nema, in baƙo ya kwanta ciwo a ɗakinsa zai kwanta. Malam ya ce akwai wani masani a ƙasar waje da ya rubuta kusan haka. Yaya ya ce, "Shi ma dillali ne?" Malam ya ce a'a. Ya ce, "To wa ya gaya masa?"

Ni kuma iyalin Yaya suka yi ta yawo da ni. Na ci gasasshiyar agada, babbar ayabar nan, da kifi a bakin titi, abin da zan iya komawa Fatakwal dominsa. An kawo min wata miya mai 'yan ƙananan dodon koɗi da ake tsotsa, na ce su ci, na yafe. Albasar kuwa matan gidan suka zazzage suka tsince, aka samu abin da ya kai kwano biyu, Yaya ya ce da ita za a yi masa miya ba da wata ba.

Ranar da za mu taho, Yaya ya ce to yanzu mu hau jirginmu, tunda mun ga hanya. Muna zaune a tsakar gida ana jiran mota, sai ya ce, "Bala, a littafin nan, yaya za ka rubuta ni?"

"Da sunanka, Yaya. Alhaji Inuwa."

"Alhazai sun yi yawa. Kai me ake sa maka a gaban suna?"

"Farfesa."

"To ni ka sa min Dillali."

Malam ya zaro biro ya yago takarda daga littafinsa. Ya san Yaya ba ya karanta boko, sai ya rubuta masa Dillali Inuwa da ajami, manya-manya, ya miƙa da hannu biyu. Yaya ya nisanta takardar da idonsa, ya bi ta da yatsa yana motsa leɓe, ya kai ƙarshe ya sake farowa. Sannan ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba.

"Wannan tawa ce," in ji shi. "Ka rubuta wa littafin wata."